Tayar Baya da Nauyin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya a bakin kasuwar Jahun, gaban jama'a, na gaya wa matar da nake fatan ta zama surukata cewa ta fi ƙarfin mota. A gaskiya ba da waɗannan kalmomin na faɗa ba, don ni ba na faɗin abu kai tsaye. Amma duk wanda yake wurin abin da ya ji ke nan, kuma in za a yi adalci, ina ganin abin da na ce ke nan.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Tun muna jami'a abokai suke kira na Malam Wataƙila, don ko sunana aka tambaye ni sai na ɗan yi jim. Lissafi na karanta. Da na gama bautar ƙasa na dawo gida unguwar Takur a Dutse, na kama koyarwa a wata makarantar kuɗi kafin Allah ya kawo wani abu. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. In na tura saƙo sai na sake karanta shi bayan ya tafi, kamar zan iya kamo shi a hanya.

Wannan halin ne ya jawo mini amana. Abokina Sadiƙu zai yi aure, amaryar 'yar Aujara ce, za a kawo ta Dutse. Yayansa, Yaya Auwalu, a Abuja yake aiki, kuma yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda take kwance da ƙasa kamar ƙadangare na shan hantsi. A gidansu take ajiye cikin rigarta, sai ya zo hutu ake ganin ta a titi. Ya ce da ita za a ɗauko amaryar ƙaninsa. Abokan ango kowa ya wasa baki, sai ga kira a wayata.

"Kai zan bai wa mukulli," in ji Yaya Auwalu, "don kai ko kaza ce ta gitta maka sai ka tsaya ka ba ta haƙuri. Abu ɗaya ne. Tayoyin baya sun suɗe, ka kai a canja su kafin in iso. Irin nasu sak za ka sa."

"In sha Allahu, Yaya. Ina ganin ba matsala."

"Ban ce ka gani ba. Sak na ce."

A nan sai in faɗi abin da ya sa nake rawar jiki a kan wannan tafiya, don ba Sadiƙu ba ne (Allah ya bar zumunci). Bilkisu ce. Tare muke koyarwa, kuma bayan zagaye-zagayen da ita kanta ta gaji da su, na samu na gaya mata abin da ke raina. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sai Ummanta ta yarda. Umman nata ita ce Hajiya Ladi mai atamfa, gwaggon amarya. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi gyaran murya a shagonta har na maƙwabta suke gyara zama. Sau ɗaya ta taɓa gani na, kuma Bilkisu ta kawo mini sakamakon ba ragi: "Yaron naki yana da ladabi, amma kamar kazar da ruwa ya doka. Anya zai iya yanke magana a gidansa?"

To ita Hajiyar ce za ta rako amarya, a cikin motar da zan tuƙa. Wato jarrabawata ke nan, daga Aujara zuwa Dutse.

Na kai motar wurin wani mai sayar da tayoyi a bakin titi. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, da na durƙusa na duba, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi. Na ce shi ke nan, an cuci Yaya Auwalu, an haɗa masa gambiza. Na koma gefe na shiga intanet, sai na tarar haka ake ƙera irin waɗannan motoci: ƙafafun baya ne ke tura motar, don haka ake ba su faɗi su kama ƙasa. Na kuma koyi karanta lambar da ke jikin taya. Tata 255/35 ce, sai 19 a ƙarshe. Ta farko faɗin taya ce, ta ƙarshe girman ƙarfen wili, ta tsakiya kuma kaurin robar daga wili zuwa ƙasa.

Da a nan na tsaya da karatu, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Mai taya ya gangaro mini da guda biyu irin nata sak. Na dube su. Sirara ne ƙwarai, kamar an shafa wa wilin roba don kunya. Nan take na tuno lungun gidan su amarya, don na sha raka Sadiƙu zance: rairayi, ramukan da damina ta bari, ga wata kwata a ƙofar gida. Na hango cikin motar yana gurzar ƙasa. Na hango wili ya lanƙwashe. Na hango Hajiya Ladi tana kallo na.

A kusurwar shagon kuwa ga wasu biyu, 255/45, su ma 19. Lambar farko ɗaya, ta ƙarshe ɗaya, ta tsakiya ce kawai ta ɗara. Na ciro waya na buga lissafi, ya nuna mini za su ɗaga bayan motar kamar tsawon gaɓar yatsa. Gaɓar yatsa guda! Wa zai lura? Amma ita kwata za ta lura, in ji ni a raina.

"Malam, in aka sa waɗancan fa?"

"Za su shiga."

"Ba za su taɓa jiki ba, wataƙila?"

Ya zura hannu tsakanin tsohuwar tayar da madigadi, ya kaɗa yatsu. "Ga fili nan kamar sabuwar unguwa."

Na yi masa bayanin lissafina tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai. "Kai, ilimi daɗi!" in ji shi. "Tunda nake sana'ar nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tunanin." (Sai daga baya na tuna da yanar gizo-gizon da ya kakkaɓe daga cikin tayoyin, da irin saurin da ya yi wurin ɗaura su kafin in sake shawara.)

Na so in kira Yaya Auwalu. Har na danna lambarsa, sai na katse, kada in dame shi a ofis da ƙaramar magana. Maimakon haka na yi gwaji, kamar yadda ya dace da mai taka-tsantsan. Na zaga Dutse, na hau duk wani tudun rage gudu da na sani, na shiga rami da gangan, ina kasa kunne. Tsit. Na dawo gida ina jin kaina kamar injiniya.

Ni kaɗai ne a motar. Ni, da in na hau sikeli sai mai shi ya ce in sauke ɗaya ƙafar ma a kai. Lissafina ya tattara komai, ya manta da mutane.

Ranar kai amarya muka isa Aujara bayan la'asar. Kaka ce, ko'ina dammunan gero a tsaye. Na shiga lungun nan a hankali, na haye kwatar ba abin da ya taɓa ƙasa. Wallahi sai da na shafa sitiyari na ce, "Ka gani ko?" Ban san da wa nake ba.

Hajiya Ladi ta fito tana ba da umarni. Kayan gara an loda su a akori-kura, amma akwai waɗanda ta ce ba za ta bar wa 'yan lodi ba: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, kwallar alkaki da ta dubulan, da akwatin amarya. "Buɗe but, ɗan nan." But ɗin motar bai fi aljihun riga ba, amma ta sa aka danna, aka juya, aka sake dannawa, har ya rufu. Na ga bayan motar ya ɗan rusuna. Na buɗe baki.

"Akwai magana ne?"

"A'a, Hajiya. Ina ganin babu."

Sai shiga. Mota mai ƙofa biyu sai an kwantar da kujerar gaba kafin na baya ya wuce. Hajiya ta leƙa, ta dube ni. "Wannan mota ce ko akurki?" Ta yi bisimilla, ta tattare mayafi, ta shige da ƙyar ta zauna a bayana, ɓangaren hagu. Aka shigo da amarya a lulluɓe tana kuka, ta zauna a dama. Bilkisu ta zauna gaba, ta yi mini wani ɗan murmushi mai nufin "ka dage". Mata suka rangaɗa guɗa. Na sa giya.

Muna hawa kwatar sai ga wata ƙara daga baya. Ƙuuurrt.

Ban san yadda zan kwatanta ta cikin ladabi ba. Irin ƙarar nan ce da in an ji ta a cikin taro kowa yake kallon silin. Har amarya ta dakata da kuka.

"Bilkisu," in ji Hajiya a hankali, "ke ce?"

"Haba Umma! Daga baya fa ta fito."

Hajiya ta juya ta dubi amarya. Na gani ta madubi mayafin ya fara rawa, kuma na tabbata ba kuka ba ne.

Ni kuwa na riga na sani. Kafin ƙarar ta ƙare na san mene ne: nauyi ya danne bayan motar, gaɓar yatsan nan da na ƙara ta cinye filin sabuwar unguwa, taya tana gugar madigadi. A nan ya kamata in taka birki in ce, jama'a na yi kuskure, a raba kayan nan. Ga akori-kura, ga bas ɗin mata, duk a bayanmu. Amma sai na ce wa kaina wataƙila in mun hau kwalta za ta daina.

Ta daina, na ɗan lokaci. Daga nan duk inda titi ya ɗan lotsa sai ta amsa. Ƙurt. Ƙuurt. Sai wata fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙyaftawa a gabana, motar ta riƙa ja tana saki, ja tana saki. (Yaya Auwalu ya bayyana mini daga baya: na'urar motar tana auna juyin ƙafafu huɗun, ta ga na baya ba sa tafiya daidai da na gaba, ta rasa gane ko santsi muke ko lafiya, shi ne take rage wuta.) Wato motar tsere guda, ta kwana biyu a hannuna, ta koyi halina. Ita ma ta zama Wataƙila.

Na rage gudu. Na ƙara ragewa. Ayarin da ke bayanmu ya cika duniya da hon. Wani mai adaidaita sahu ɗauke da awaki ya wuce mu, har ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a ja ku?"

"Wani abu yana ƙonewa," in ji Bilkisu ƙasa-ƙasa.

"Wataƙila shara ake ƙonawa a nan kusa."

"Sharar bin mu take yi?" in ji Hajiya daga baya.

A haka muka shigo Jahun, wurin ya cika da 'yan kasuwa masu shirin tashi. Akwai tudun rage gudu a gabana, na lallaɓa na hau shi kamar mai taka ƙwai. Wannan karon ba ƙurt ba ce. Kuka ne mai tsawo, kamar an take wa jaki wutsiya, sai ga hayaƙi siriri yana tashi ta bayan Hajiya. Amarya ta yi salati. Na gangara gefe na kashe mota.

Kafin in fito an kewaye mu. Masu rake, 'yan acaɓa, matan da suka sauko daga bas, abokan ango da wayoyinsu a sama. Na durƙusa a ɓangaren hagu. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, kafaɗar tayar ta yi sheƙi inda take guga, robar cikin madigadin ta narke. Hajiya ta turo kai ta tsakanin kujera da ƙofa.

"Ɗan nan, mene ne?"

Kalma uku kawai ake bukata: ni na jawo. Suna kan harshena. Amma ga Bilkisu, ga jama'a, ga jarrabawa. Sai bakina ya nemi hanyar da ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba.

"To, Hajiya, ina ganin... ban dai tabbatar ba... kamar nauyi ne ya ɗan yi yawa a baya."

"Nauyin me?"

"Wato... gaba ɗaya dai. Sai dai ɓangaren hagu, wataƙila, ya ɗan fi zama."

Kasuwar Jahun ba ta taɓa yin shiru irin na wannan lokacin ba.

"Ni ce a hagu," in ji Hajiya.

Wani ɗan acaɓa ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama. Bilkisu ta rufe fuska da tafukanta. Hajiya ta ce a buɗe mata. Shiga akurkin ma da wuya, balle fita cikin fushi. Da baya ta fito, mata biyu suna tallafa mata, ɗankwali ya zame, ana ta "sannu Hajiya, a hankali Hajiya". Tana taka ƙasa motar ta ɗago kaɗan, ƙarfen ya yi ɗan ƙara kamar mai ajiyar zuciya. Wannan ma ya ƙara wa 'yan kallo nishaɗi.

Ta gyara ɗaurinta, ta dube ni daga hula zuwa takalmi. "Na hau jirgi na je Makka, bai ce na yi masa nauyi ba. Sai yau, a bakinka."

Ana cikin haka Yaya Auwalu ya iso daga ƙarshen ayari, da babbar rigarsa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zaga bayan motar, ya sunkuya, ya goge gefen tayar da yatsa, ya karanta da ƙarfi kamar mai shela.

"Arba'in da biyar?" Ya miƙe. "Malam Wataƙila, talatin da biyar na bari. Wa ya ce ka ƙara?"

"Yaya, na ga hanyar ce... na yi lissafi... gaɓar yatsa ce kawai."

"Me na ce maka a waya?"

"Sak."

Ya juya wurin Hajiya ya rusuna. "Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi ba ke ba ce. Da tayarta ta gaskiya, da ke da kayan nan duk za ta kai ku lafiya." Da ya ga har yanzu ana ƙus-ƙus, sai ya ce zai nuna wa kowa. Ya sa aka fito da amarya aka kai ta bas. Ya kwantar da kujera, ya nuna mini wurin da Hajiya ta tashi. "Shiga."

Na shiga. Ya ja motar baya, ya sake hawa tudun nan, da ni kaɗai a baya da buhun shinkafa a but.

Ƙuuurrt.

Kasuwa ta ɗauka da dariya. Hajiya ta ɗaga hannu sama. "Jama'a ku shaida! Ashe shi ma ƙato ne!" Wata tsohuwa a cikin 'yan rakiya ta rangaɗa guɗa, ban san ta murnar me ba ce.

Aka kwashe kayan but aka mayar bas. Amarya ta shiga Dutse a kujerar tsakiya, tsakanin kwallar alkaki da gwaggonta, kuma an ce tun daga Jahun ba ta sake kuka ba. Ni na biyo su a baya ni kaɗai, a hankali, fitilar nan tana ta ƙyafta mini ido. Washegari na mayar da motar aka ɗaura mata irin nata sak. Mai taya ya karɓi tsofaffin abokansa, tayoyin nan masu yanar gizo-gizo, ba tare da ya dube ni ba, kuma bai sake maganar daɗin ilimi ba.

Yaya Auwalu ya huce da wuri, don robar madigadi kawai aka canja. Bilkisu ce ta daina yi mini magana a makaranta, in ban da gaisuwa. Da na matsa, ta ce, "Tayar ba ta dame ni ba. Kowa yana kuskure. Amma ka san kai ne, ka bari aka yi wa Umma dariya." Ban sami wataƙilar da zan sa a wannan ba.

Na ɗauki kwanaki ina shirya jawabin ban haƙuri, mai gabatarwa da dalilai. Na tarar da Hajiya a shago tana auna wa wata mata yadi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na fara: "Hajiya, dama na zo ne, ko da yake ban san ko lokacin ya dace ba, ina ganin..."

"Dakata." Ta ajiye almakashi. "Tambaya biyu zan yi maka. In na ji 'wataƙila' ko 'ina gani', ga hanya nan. Ranar nan, laifin wa ne? Ni ko taya?"

"Nawa ne, Hajiya. Ni na canja taya, na sani tun daga Aujara, na ɗora miki."

"To. 'Yata kuma, kana son ta ko kana kan lissafi?"

"Ina son ta."

Sai ta juya wurin matar da ke jiran yadinta. "Kin ji fa. Ashe bakin yana iya tafiya a miƙe, in an cire masa abin da aka ƙara." Ta ɗauki almakashinta. "Je ka turo manyanka. Kuma ka gaya wa mai jar motar nan, ranar bikinku a bas zan zo."

A bas ɗin ta zo. Har yau in za ta shiga tsohuwar motar da na samu na saya, sai ta tsaya ta dafa ƙofa ta ce, "Malam, a duba mini, hagu zan zauna ko dama?" Yaran gida su yi ta dariya, ni kuma in ce duk inda ta so.

Abin da na koya, kuma wannan karon ba zan ce wataƙila ba: in an ce maka sak, to sak ɗin ita ce taka-tsantsan, abin da ka ƙara daga kanka ganganci ne ko da lissafi ka yi shi. In kuma taya ta yi kuka a bayanka, fara auna kanka kafin ka auna manya.